Tekun da ya ƙafe a Nijar: Yadda ƙananan katantanwa ke tona asirin manyan ƙasusuwa

Duk buhun simintin Malbaza da aka sauke a wurin gini a birnin Yamai, asalinsa ƙasan teku ne. Farin dutsen da ake fasawa a kai wa masana'antar, wadda ke da nisan kimanin kilomita 450 gabas da babban birnin, ya taru ne daga ɓawon dodon koɗi da makankari da sauran ƙananan halittun ruwan gishiri da suka mutu suka kwanta a kan juna, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce. Haka labarin yake a tsallaken iyaka, a Kalambaina da ke gefen Sakkwato, inda ake haƙo irin wannan dutse domin yin siminti tun shekarun 1960.

Nijar ba ta da gaɓar teku a yau. Daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Amma masana duwatsu sun daɗe da tabbatar da cewa an yi zamanin da ruwan teku ya ratso Sahara daga arewa, ya malale yankunan da ake kira Adar da Damargu da Sakkwato a yanzu, ya janye, ya sake dawowa, tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka gabata.

Idan ana maganar burbushin halittun da a Nijar, hankalin kowa kan tafi ne ga manyan ƙasusuwan dinoso da ke Gidan Tarihi na Boubou Hama. Sai dai a cikin shekaru talatin da ɗoriya da suka wuce, wani reshe na bincike ya nuna cewa ƴan ƙananan katantanwa da ake samu manne da ƙashi, waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba, kan ba da labarin da ƙashin kansa ba zai iya bayarwa ba. An fara gane haka ne daga mushen kifin wel a can ƙasan teku, kuma darasin ya shafi duwatsun Nijar kai tsaye.

Mushe a ƙasan teku

Kifin wel, wanda masu Faransanci ke kira balen, shi ne mafi girman halittun teku. Duk da ana ce masa kifi, dabba ce mai shaƙar iska, mai haihuwa, mai shayar da nono. Mafi girma a cikin jinsunansa kan kai tsawon mita 30.

A shekarar 1987, wani masanin halittun teku ɗan Amurka mai suna Craig Smith yana jagorantar bincike a gaɓar Kalifoniya da wani ƙaramin jirgi mai nutso da ake kira Alvin, sai masu nutson suka yi kiciɓis da ƙwarangwal ɗin wel mai tsawon kimanin mita 21, a zurfin mita 1,240. Naman ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya ba su mamaki shi ne ƙasusuwan cike suke da rai: makankari iri-iri, ƙananan dodannin koɗi, tsutsotsi, da wani farin shimfiɗi na ƙwayoyin bakteriya. Wasu daga cikin halittun dangin waɗanda aka sani ne a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku.

Ƙasan teku mai zurfi wuri ne na yunwa. Hasken rana ba ya isa can, don haka tsiro ba ya fitowa, kuma halittun wurin sun dogara ne da ɗan burbushin abincin da ke zubowa daga sama. Masana sun ƙiyasta cewa mushen wel mai nauyin tan 40 kan kai wa ɗan filin da ya faɗa a kai abincin da sai an shekara kusan 2,000 kafin ya taru ta hanyar da aka saba. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Bahaushe.

Cin mushen yana tafiya ne mataki-mataki. Da fari kifayen shak da sauran masu cin mushe kan yagi naman, aikin da kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara biyu. Daga nan tsutsotsi da ƙananan halittu su mamaye taɓon da kitse ya jiƙa. Mataki na uku shi ne mafi tsawo. Ƙashin wel cike yake da mai, a wasu sassan ma man kan kai kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Ƙwayoyin bakteriya kan riƙa ruɓar da man a hankali, suna fitar da wata iska mai sinadarin farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu ƙwayoyin kuma da wannan iskar suke haɗa abincinsu, kamar yadda ganye ke yi da hasken rana. Akwai makankarin da ke ɗauke da waɗannan ƙwayoyi a cikin jikinsu suna ci daga gare su, akwai kuma dodannin koɗi da ke kiwo a kansu kamar awaki a makiyaya. Babban ƙwarangwal kan ciyar da wannan al'umma tsawon shekaru 50 ko fiye.

Ya zuwa 2003, an ƙirga jinsunan halittu sama da 400 a kan irin wannan mushe. A 2002 masu bincike na cibiyar nazarin teku ta Monterey a Kalifoniya suka gano wata tsutsa a zurfin kimanin mita 2,900, wadda ba ta da baki kuma ba ta da hanji. Tana kafa wasu jijiyoyi kamar saiwa a cikin ƙashi, ta narkar da shi, ta tsotse abin da ke ciki. An raɗa mata suna Osedax a 2004, wato mai cin ƙashi a harshen Latin. A 2010 kuma aka bayyana wani sabon dodon koɗi daga wannan wuri, Rubyspira, wanda shi ma ƙashin wel ne abincinsa.

Daga teku zuwa dutse

Da jin wannan labari, sai masu nazarin burbushin halittu suka koma ga duwatsu da tambaya: tun yaushe ake wannan rayuwa a kan mushe?

Amsar farko ta fito ne a 1991 daga jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka. Richard Squires da James Goedert da Lawrence Barnes sun ba da rahoton ƙasusuwan wel masu shekaru kimanin miliyan 30, kewaye da makankarin da ke rayuwa da iskar farar wuta. Daga baya aka samu irinsu a tsibirin Hokkaido na Japan, inda Kazutaka Amano da Crispin Little suka bayyana a 2005 cewa sun ga dodannin koɗi na zurfin teku, ƴan dangin Provanna, tare da ƙasusuwan wel. An kuma samu wasu a ƙasar Italiya.

Da aka jera waɗannan wurare bisa tsufansu, sai wani tarihi ya bayyana. Binciken Steffen Kiel da Goedert na 2006 ya nuna cewa mafi tsufan mushen wel ba su tara cikakkiyar al'ummar da ake gani a yau ba. Halittun da ke kansu sun fi kama da waɗanda ke taruwa a kan itacen da ya nutse. Sai da wel suka ƙara girma, ƙasusuwansu suka ƙara mai, sannan masu rayuwa da iskar farar wuta suka samu wurin zama na dindindin.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu guda: a iya faɗin ainihin wace katantanwa ce aka samu. Idan aka yi kuskuren suna, duk labarin da aka gina a kai ya rushe.

Kama da wane ba ta wane

Bahaushe ba baƙon katantanwar teku ba ne. Wurin da kakanni suka yi ciniki da shi, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, ɓawon wani dodon koɗi ne na tekun Indiya, akasari daga tsibiran Maldibs. Lokacin da Bature ɗan yawon bincike Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa guda. Mai ƙirgar wuri a wancan zamani da ido kaɗai yake gane nagari da na banza. Mai nazarin burbushin katantanwa bai samu wannan sauƙin ba.

Dodon koɗi mai rai ana tantance shi ne da namansa, da ƙwayoyin gadonsa, da kuma wani harshe mai kaushi kamar magagari da yake kankarar abinci da shi. Duk waɗannan ruɓewa suke yi. Ɓawon kaɗai ke saura, shi kuma ɓawon yana yaudara, domin dodannin koɗi da ba su haɗa dangi ba kan yi siffa iri ɗaya idan suna zaune a yanayi iri ɗaya. Masu kama da ƴar hula da ke manne wa ƙashi ko dutse, alal misali, sun fito ne daga zuriyoyi daban-daban, amma a ido duk ɗaya suke.

Saboda haka masana kan nemi ƙololuwar katantanwar, wato ɗan tsinin da ke can sama. Wannan shi ne ɓawon da dabbar ta fara yi tun tana jaririya, kuma sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Yawan murɗinsa da zanen da ke jikinsa sun fi komai nuna dangin da ta fito. Yana ma nuna yadda jaririyar ta rayu: idan murɗin na da yawa kuma ƙanana ne, alama ce ta cewa ta daɗe tana yawo a ruwa tana neman abinci kafin ta zauna, idan kuma murɗin kaɗan ne masu kauri, daga ƙwai mai yawan gwaiduwa ta fito ta zauna kusa. Wannan na da muhimmanci, domin mushe ɗaya na iya nisan kilomitoci da wani, kuma dole jariran su san yadda za su kai ga sabo kafin tsohon ya ƙare. Ba a ganin wannan tsini sosai sai da na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki, wadda ke ninka girmansa sau ɗaruruwa. Matsalar ita ce shi ne ke fara karyewa ko zaizayewa, wani lokaci tun dabbar na raye.

Akwai wata matsalar kuma. Sinadarin da yawancin dodannin koɗi ke gina ɓawonsu da shi kan narke a cikin ƙasa bayan dogon zamani. Abin da ke saura shi ne gurbin da ya bari a cikin dutse, ko kuma taɓon da ya cika cikinsa ya daskare. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwar Katako ta Yamai zai gane dabarar da masana ke yi a nan. Kamar yadda maƙerin ke zuba narkakken ƙarfe a gurbin da tukunya ta bari cikin yashi, haka masanin ke zuba ruwan roba a gurbin katantanwar, ya bari ya daskare, ya ɓamɓaro siffarta da duk zanen jikinta.

Sanin sunan kaɗai bai isa ba. Sai an nuna cewa dabbar a kan mushen ta rayu, ba igiyar ruwa ce ta kwaso ɓawonta daga wani wuri ta jibge ba. A nan ake duba maƙwabta. Shin akwai makankari masu rayuwa da iskar farar wuta a tare da ita? Shin katantanwar ta taru ne kusa da ƙashin, ta yi ƙaranci a dutsen da ke nesa da shi? Shin ɓawon makankarin na haɗe biyu-biyu, alamar cewa a wurin suka mutu? Shi ma ƙashin akan saka shi a na'urar hoton ciki irin ta asibiti domin neman ramukan tsutsar Osedax. Da wannan hanya Kiel da abokan aikinsa suka nuna a 2010 cewa tsutsar na cin ƙashin wel tun shekaru miliyan 30 da suka wuce.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji tana cikin dutsen da ke kewaye da ƙashin ne. Wanda ya ciro ƙashi ya kankare shi tas domin ya yi kyau a ido, ya zubar da shaidar ke nan da hannunsa.

Kafin zuwan wel

Wel ba su daɗe a duniya ba idan aka kwatanta da tsufan teku. Kakanninsu na farko sun bayyana ne shekaru kimanin miliyan 50 da suka wuce a yankin Pakistan da Indiya na yau, suna da ƙafafu huɗu. To, wa ke ciyar da masu cin ƙashi kafin nan?

A 2008, Andrzej Kaim ɗan ƙasar Poland tare da masana na Japan sun binciki ƙasusuwan wasu dabbobin teku masu dogon wuya da ake kira filesiyoso, waɗanda suka rayu a zamanin dinoso, shekaru kimanin miliyan 90 da suka wuce. A jikin ƙasusuwan da aka samo a Hokkaido sun tarar da ƙananan dodannin koɗi ƴan dangin Provanna, dangin da ake gani a kan mushen wel. A 2015 kuma Silvia Danise da Nicholas Higgs suka gano ramukan Osedax a ƙashin filesiyoso da na kunkurun teku daga Ingila, masu shekaru kusan miliyan 100. Ke nan masu cin ƙashi sun riga wel zuwa da nisa. Manyan dabbobi masu jan ciki na teku ne suka fara ciyar da su.

A nan ne labarin ya iso Nijar.

Dodannin ruwan Adar da Sakkwato

Tekun da ya ratsa Sahara ya janye kafin wel su bazu a tekunan duniya, shi ya sa a wannan yanki na Afirka ake samun tsofaffin wel a ƙasashen gaɓa. An bayyana Pappocetus daga Ameki a kudu maso gabashin Najeriya a 1920, an bayyana Togocetus daga ramukan haƙar fosfat na Togo a 2014, sannan a Masar akwai kwarin Wadi al-Hitan, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Abin da duwatsun Nijar da na Sakkwato ke da shi shi ne waɗanda suka riga wel mulkin teku. Mosaso wasu manyan dabbobin ruwa ne ƴan uwan guza da damo, masu filafilai a madadin ƙafafu, waɗanda suka ƙare tare da dinoso shekaru miliyan 66 da suka wuce. Ɗaya daga cikinsu sunan garin Goronyo na jihar Sakkwato yake ɗauke da shi, Goronyosaurus, sunan da masanan Italiya suka raɗa masa a 1972. Daga dutsen Igdaman da ke jihar Tawa aka samo Igdamanosaurus, wanda aka bayyana a 1991, mai dunƙulallun haƙora da suka dace da murƙushe ɓawon katantanwa da makankari. Daga yankin ne kuma aka samo Pluridens, mai haƙora barkatai, wanda aka bayyana a 1998. Akwai kadojin teku irin su Sokotosuchus, akwai kunkuru, akwai wani macijin ruwa da aka raɗa wa sunan ƙasar a 1975, Nigerophis.

Ƙananan halittun ma an daɗe da saninsu, kuma su ne suka fara tona asirin tekun. A 1903 masanin duwatsu na Faransa Albert de Lapparent ya sanar da cewa burbushin da wani hafsan soja ya tsinto a Tamaske, cikin Adar, na halittun teku ne. Shekara guda bayan haka aka bayyana wasu bushiyoyin teku daga yankin a Landan. A Damargu, kusa da Tanut, akwai wasu masu murɗi kamar ƙahon rago da ake kira amonit, har ɗaya daga cikinsu aka sa masa suna Nigericeras a 1943.

Wani bambanci da ya kamata a lura da shi shi ne zurfi. Binciken da Maureen O'Leary ta jagoranta a ɓangaren tekun da ke Mali, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ruwa ne mai ɗumi, mai zurfin kimanin mita 50. Wannan ba duhun mita 1,000 ba ne. A ruwa marar zurfi abinci na da yawa, masu cin mushe na da yawa, kuma igiyar ruwa kan tarwatsa ƙasusuwa ko taɓo ya binne su da wuri. Nazarin da Danise ta yi a 2014 kan wata dabbar teku ta zamanin dinoso da ta mutu a ruwa marar zurfi a kudancin Ingila ya nuna labari daban da na zurfin teku: kifaye sun yagi naman, bushiyoyin teku sun kankari ƙasusuwan sun bar tabo, daga ƙarshe makankari suka manne musu kamar yadda suke manne wa dutse.

Irin waɗannan tambayoyi ne za a iya yi wa kowane ƙashin mosaso ko kada da ya fito daga tsaunukan Adar. Wa ya ci naman? Wata nawa ko shekara nawa ƙashin ya yi a fili kafin taɓo ya rufe shi? Ruwan na da isasshiyar iska a ƙasansa? Amsoshin na taimakawa wajen gane yadda tekun ya zo, yadda ya tafi, da yadda rayuwa ta farfaɗo bayan halakar da ta share dinoso, domin duwatsun yankin sun adana zamanin kafin halakar da na bayanta, ɗaya a kan ɗaya.

Aikin ba shi da sauƙi. Yawancin katantanwar da ake samu a farin dutsen Adar da Kalambaina ɓawonsu ya narke, daskararren cikinsu ne ya rage, babu zanen waje, babu tsinin jarirantaka. Wannan ne ya sa ɗan guntun dutsen da ya adana gurbin ɓawo da kyau ya fi kwandon katantanwar da aka tsinto a warwatse daraja a wurin masani.

Abin da ke salwanta

Nijar ta yi suna a duniya da manyan ƙasusuwa. Philippe Taquet na Faransa ya fara aiki a Gadoufaoua da ke hamadar Tenere a tsakiyar shekarun 1960, ya bayyana Ouranosaurus a 1976. Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya biyo baya daga shekarun 1990 da Suchomimus da Jobaria da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da kuma sabon bayani kan katon kada Sarcosuchus. Shi ne kuma ke cikin shirin NigerHeritage, mai burin gina sabbin gidajen tarihi a Yamai da Agadas domin ajiye ƙasusuwan a gida.

Waɗannan dabbobin tudu ne da na kogi, kuma girmansu ke jawo masu kallo da masu ba da kuɗin bincike. Burbushin tekun da ke kudu, a yankin da jama'a suka fi yawa, hanyoyin salwantarsa sun fi yawa. Ruwan damina na zaizaye tsaunuka yana fito da shi, rana da iska su farfasa shi. Masu fasa dutse na haƙo shi, tanderun siminti ya ƙone shi. Yara na tsintarsa su yi wasa. Wanda ya ga ƙashi kuma yakan ɗauke ƙashin ne ya bar dutsen.

Ga kuma kasuwa. A Maroko, haƙoran mosaso daga ramukan fosfat na Khouribga sun zama hajar da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka da kuma intanet, galibi ba tare da bayanin ramin da suka fito ba. Burbushin da ba a san wurinsa da shimfiɗar dutsen da ya fito daga ciki ba ya zama kayan ado kawai. Ƙasashe sun fara ƙwato nasu: Amurka ta mayar wa Mongoliya ƙwarangwal ɗin wani dinoso a 2013, Jamus ta mayar wa Brazil wani a 2023. Nijar na da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kariya da adana kayan tarihin ƙasa. Amma ana iya dawo da ƙashin da aka fitar waje, ba a iya dawo da dutsen da aka kankare aka zubar.

Aikin da bai buƙaci ayarin motoci

Haƙo dinoso mai nauyin tan-tan a Tenere na buƙatar motoci da rakiyar jami'an tsaro da kuɗi masu yawa. Nazarin katantanwa ba haka yake ba. Matakin farko guduma ce, da gilashin ƙara girma na hannu, da littafin rubutu, da wayar salula mai nuna wuri a taswira. Ɗalibin sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, na iya auna bangon ramin haƙar dutse shimfiɗa bayan shimfiɗa, ya rubuta abin da ke cikin kowace, kafin a fasa ta. Matakin da ke buƙatar na'ura mai tsada shi ne na ƙarshe, kuma nan ne ƴan ƙasar da ke karatu ko aiki a jami'o'in waje za su iya zama gada, su nemi a buɗe wa ɗaliban gida ƙofar ɗakunan gwaji, a kuma tabbatar da cewa samfurin ya koma Yamai bayan an gama.

Ga wanda ba masani ba kuwa, ƙa'idar da masu wannan fanni ke bi mai sauƙi ce. Idan manomi ko makiyayi ko mai fasa dutse ya ci karo da ƙashin da ya zama dutse, kada ya ciro shi, kada ya wanke shi, kada ya kankare abin da ke manne da shi. Ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya ajiye tsabar dala ko biro a gefe domin a gane girmansa, ya ɗauki hoton tsaunin ko ramin gaba ɗaya, ya adana wurin a wayarsa, sannan ya sanar da hukumar yankin ko gidan tarihi ko jami'a. Idan ya zama dole a ɗauke shi saboda ruwa ko injin haƙa na gab da lalata shi, a ɗauke shi da dunƙulen dutsen da ke riƙe da shi, a naɗe a takarda, a rubuta rana da sunan wurin a jiki.